Mode Ba'adare, Mai Filin Kokawar Boɗinga

Duk wanda ya saba bi ta bayan kasuwar Boɗinga da sassafe ya san shi. Da an sallame sallar asuba, Malam Mode zai ɗauki tsintsiyar kaba ya nufi filin kokawa, ya share, ya tsince ƙaya da tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce ƙaya ɗaya ta isa ta hana manomi shiga gona sati guda, kuma 'yan kokawarsa duk manoma ne da makiyaya. Sai ya gama sannan ya wuce rumfarsa, inda yake ɗinkin buhunan albasa. Bana gwiwoyi sun gaza, ya miƙa filin ga na baya, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na sani.

Daga wani ƙauye na Adar, a ƙasar Nijar, ya zo, shekarar babban fari ta 1973, shi da matarsa Salamatu. Can shi gwanin kokawa ne. Nan kuwa ba wanda ya san shi, sai ranar da ya ga samari suna kokawa kan ƙasa mai tauri ya tsaya ya gyara masu riƙo. Cikin shekara biyar filinsa ya zama mahaɗar 'yan Sifawa da Lambara da Shagari duk kaka. Ko da siyasa ta raba samari, doka ɗaya ya kafa: ba mai shiga filinsa da hular jam'iyya.

Farkon 1983 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Mode ba shi da ita. Ina koyarwa a Sifawa lokacin, na zo na tarar Salamatu ta ɗaure tukwane. Tukur na Lambara, wanda ba a taɓa kayarwa a filin ba, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Baba Mode, ina za ka? Nan munka san ka, nan za ka tsufa." Shi da dattawan unguwa suka yi ta zirga-zirga Sakkwato har aka samo wa Mode takardar zama. Ya zauna, amma 'yan ƙasarsa da yawa sun tafi cikin manyan motoci, zuciya a ɓace.

Abin ya tsaya masa a rai. Da damina ta wuce sai ya je Adar da kansa. An gaya mini wasu ko gaisuwarsa ba su amsa ba, suna cewa ya zaɓi waɗanda suka kore su. Bai yi musu ba. Gida-gida ya bi yana roƙo, har ya dawo da 'yan kokawa shida, ya sauke su gidajen abokan karawarsu, ba masauki ɗaya ba, don su ci tuwo akushi ɗaya kafin su haɗu a fili.

Ranar karawa na ga taron da ban taɓa gani ba. Wasa na ƙarshe tsakanin Tukur ne da Isa, babba cikin baƙin, Mode ne alƙali. Sun daɗe a sarƙe, sai Isa ya ja, gwiwar Tukur ta taɓa ƙasa ta tashi kamar ƙiftawar ido. Mutane kaɗan suka gani. Mode ya gani, ya ɗaga hannun Isa.

Fili ya ruɗe. Ganga ta tsaya. Wani ya yi ihu, "Baƙo ya bi ɗan'uwanai!" Na ga sanduna sun fara tashi. Wannan Tukur shi ne ya tsaya masa wata goma da suka wuce, kuma Mode ya san haka. Ya tsaya tsakiyar fili bai saki hannun Isa ba.

Tukur ya dubi gwiwarsa, ya ga rairayi manne da gumi. Ya juya ga mutanensa ya ce, "Ku aje sandunan ga. An kada ni. Baba bai taɓa yi muna ƙarya ba, ba yau za shi farawa ba." Ya kama ɗayan hannun Isa ya ɗaga.

Shekarar da ta biyo aka rufe iyaka, ruwa kuma ya ƙi. Yunwa ta koro Isa da iyalinsa ta ɓarauniyar hanya, ba su nemi ko'ina ba sai Lambara. Tukur, da rumbunsa bai kai rabi ba, ya ba su ɗaki, suka yi wata bakwai tare. A wannan shekarar mahaifiyar Mode ta rasu a Adar, labari bai iso shi ba sai bayan sadakar arba'in. Salamatu ta ce mini kwana uku ya yi zaman makoki, rana ta huɗu ya fita aiki.

Malam Mode, kai ne baƙon da ya koya mana karɓar baƙo. Kai ne ka ɗaga hannun gaskiya ranar da yin haka zai iya raba ka da garin da ya riƙe ka. Ba ka da kujera, ba ka da lambar yabo, amma yau akwai gidaje a Lambara da Adar da suke aika wa juna goron suna saboda kai.

Mun gode, Baba Mode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwoyinka sauƙi, Ya jiƙan mahaifiyarka. Ku kuma samarin da kuka karɓi filin, ranar da naku ya faɗi kuna alƙalanci, ku faɗa da bakinku cewa ya faɗi.