Ba Doguwa Ce Ta Taɓa Idonta Ba

Edita, duk wanda ka tambaya a garin da nake koyarwa zai ce maka doguwar tsamiya ce, aljanar nan, ta taɓa idon wata ɗalibata. Ƙarya ce. Ni ce na yi, saboda gaggawa da taurin kai. Ba zan faɗi sunan garin ko na kowa ba. Ƙasar Arewa ce dai, tafiyar yini guda daga Dogon Dutsi.

Lokacin shekaruna sha tara, ban daɗe da fitowa daga makarantar malamai ba. Tun ina 'yar shekara bakwai aka ɗauke ni daga gida aka kai ni lakwal, makarantar boko, don haka na san kogunan Faransa ɗaya bayan ɗaya, amma ciyawar bayan gidanmu ban san rabinta ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Ga takalmi, ga agogo, ga baki. Aka ba ni ajin ƙanana, waɗanda yawancinsu sai da aka tilasta wa iyayensu kafin su bayar da su.

Wata safiya a tsakiyar bazara, direkta, shugaban makarantarmu, ya ce sufeto Bature zai zo daga Doso jibi, kuma wai bangon ajina tsirara yake kamar na kurkuku. Maganar ta ƙona mini rai. Ina da wani hoto da na yanko daga tsohuwar kalanda, na itacen seriz, wanda can ƙasar Turawa yake lulluɓewa da fure ruwan hoda in sanyi ya wuce, ko ganye ɗaya babu. A makarantarmu an koya mana yin irinsa: a samo busasshen reshe a kafa a bango, a murɗa 'yan takardu a manna. Na ce shi za mu yi, sai sufeto ya riƙe baki.

Busassun rassa kuwa babu inda suke zube kamar gindin babbar tsamiyar bakin fadama, don ko tsinke ba mai tsinta a wurin. Na je na kwaso da kaina. Ina shigowa na yi kiciɓis da tsohuwar da ke cika mana randa, wadda kowa ke kira Kaka. Ta karɓi ɗiban ruwan ne don kawai ta riƙa ganin jikarta, wata marainiya 'yar siririya mai wushirya da ke ajina. Ta sauke tulu ta tambaye ni inda na samo icen. Da na faɗa mata, ta dafe ƙirji, ta kira ni ɗiyarta, ta roƙe ni in mayar tun rana ba ta yi ba, wai wurin da mai shi. Na yi dariya na ce in doguwa tana son icenta ta je ta kai ƙarata wurin kumandan, Baturen mulki. Ta ce boko dai bai hana mutum zama ɗanye, ta ɗauki tulunta ta wuce.

Aikin ya fara da daɗi, ba zan ɓoye ba. Muka yayyaga tsofaffin littattafan rubutu, na tsarma jar tawadar da nake gyaran aiki da ita a ƙwarya, yara suna tsoma takarda suna shanyawa a tabarma. Yatsunsu duk suka yi ja, suna tsokanar juna wai wance ta ƙunsa lalle, ina angon. Sai aka zo mannawa. Ƙaro sai an jiƙa shi ya kwana, ni kuwa ba ni da haƙurin kwana. Bayan aji tumfafiya ce birjik. Na karya ganye ɗaya, farin nono ya ɗigo, na taɓa na ji yana kama yatsa. Na tara shi a gwangwanin sardin, na dire a tsakiyar yara, na ce kowa ya tsoma yatsa ya shafa wa furensa.

Suka yi cirko-cirko suna kallon juna. Su sun sani, ni ce ban sani ba. Amma dokar lakwal ba a yin Hausa a aji. Wanda ya yi sai a rataya masa sambol, wani ƙashin jaki a igiya, ya yini da shi ana yi masa dariya, kuma a cikinsu babu mai Faransancin da zai yi mini bayani. Na daka tsawa, suka tsoma. Can an manna fure da yawa, jikar Kaka ta kasa daurewa, ta ɗaga hannu ta fara cewa da Hausa, a hankali, wai kakarta ta hana ta taɓa nonon nan. Ban bari ta kai ƙarshe ba. Na rataya mata ƙashin, aji ya fashe da dariya, ita ta fashe da kuka, ta sa hannuwanta biyu tana murje ido.

Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Na ɗauka shagwaɓa ce, na ce ta je kusurwa ta zauna. Ga randa cike da ruwa a bakin ƙofa, ban ce ta wanke ba. Kafin la'asar ta yi shiru, na ce a raina ka ji ba. Washegari da hantsi Kaka ta shigo ajin tana jaye da ita. Baƙin idon nan biyu ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara a ciki. Yarinyar ta ce ba ta jin zafi, hayaƙi kawai take gani, ta miƙa hannu tana laluben fuskar kakarta. Kaka ta ɗaga kai ta ga reshen tsamiya a bango sanye da ja da fari, irin abin da ake ɗaura wa iskoki, ta kurma ihu ta ce an kira mai wurin, ga shi ta amsa.

Ina tsaye sai na tuna wata rana, ina ƙarama ƙwarai, da uwata ta buge mini hannu a gindin tumfafiya. Gwangwanin yana ƙarƙashin teburina, na tura shi ciki da ƙafa, da aka tashi na jefa shi a masai. Ina tsoron kora, ina tsoron dangin yarinyar, ina tsoron gardin kumandan. Yaran da suka faɗi maganar nonon a gida ba wanda ya saurare su, ai kowa ya ga reshen, kuma sauran da suka taɓa nonon ga su nan da idonsu. Doguwa ta ɗauki laifin, na bar mata. Sufeto ya zo ya tarar da rabin aji, ya yaba bangon, ya rubuta a littafinsa. Yana rubutawa ina jiyo goge daga gidan Kaka.

Kwana huɗu yarinyar tana hannun 'yan bori. An yanka baƙar akuya, an yi turare, an ɗiga mata ruwan sassaƙe a ido. Kullum ina zuwa bakin zaure in tambaya ko ta fara gani, kullum a ce da sauƙi, ni kuwa na san ma'anar wannan sauƙin. Tuwo ya ƙi shiga mini. Duk yaron da ya kai hannu fuska a aji sai gabana ya faɗi. Rana ta biyar na roƙi direkta ya sa baki, aka ɗora yarinyar a jaki, ni da Kaka muka bi a ƙasa har Dogon Dutsi. Likita ya tambayi abin da ya shiga idon. Kaka ta fara labarin tsamiya. Ni kuwa na gaya masa gaskiya, amma da Faransanci, don kada tsohuwar da ke riƙe da hannuna ta ji. Ya ce da an wanke da ruwa a take, ko da an kawo ta washegari, da ba a kai nan ba, ya tambaye ni me aka koya mini duk shekarun nan. Kaka ta ce me likita ya ce, ɗiyata. Na ce ya ce a yi haƙuri.

Idon dama ya dawo bayan sati uku. Na hagu har yau da farin tabo, inuwa kawai yake gani. Shekara biyu ke nan. Tana ajin gaba, in za ta karanta allo sai ta karkata kai. Kaka cewa take doguwa ta yi sassauci, ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya. Ta yafe mini ɗebo icen, wai ƙuruciya ce, har fura take kawo mini, furar da ba ta wuce mini maƙogwaro.

'Yan'uwana malamai, musamman masu fitowa yanzu da zafin kai irin nawa, in kuka ga yara sun ja baya da wani abu, ku tsaya ku tambaya, da harshen da za su iya amsawa. Abin da ba ku sani ba kada ku sa shi a hannun ɗan mutane. In kuma ɓarnar ta riga ta auku, ku faɗa a ranar. Gaggawata ce ta sa nonon a idon yarinyar nan, amma shiruna na kwana huɗu ne ya bar shi ya zauna.

Ni dai na yanke. Ranar kasuwa mai zuwa, in an tashi daga aji, zan je gidan Kaka in durƙusa gabanta da gaban jikarta, in gaya musu abin da na gaya wa likita, da Hausa. In ta ce in bar garin, zan bari.