Miyar da Na Dafa wa Duna

Wata safiyar Litinin ce, a daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, na fito da tsintsiya zan share tsakar gida, sai na tarar da Duna, karenmu, kwance a gindin rumbu. Yawu na dalala daga bakinsa, ƙafafunsa na baya suna karkarwa, ga amai ya bushe a gefe. Na kira shi, ido kawai ya ɗaga. Kafin rana ta take ya mutu. Shekarata tara, kuma duk gidan ni kaɗai na san abin da ya ci jiya.

Mu mutanen Ibeto ne. Aikin lambu da Baba ya samu a gidan wani likita Bature shi ya kawo mu Kontagora, muka kafa gida a bayan gari, muka sari gonar dawa a bakin daji. Duna ne ke kore mana birai, don haka a wurin Baba ya fi wasunmu amfani, kuma ba ya ɓoyewa. Abu na biyu da Baba yake ji da shi shi ne shingen da ya tsinko rassansa daga wurin aiki ya dasa a ƙofar gida, mai shuɗin fure da 'ya'ya rawaya jere kamar tsakiya a zare. Ba mu san sunansa ba, fulawar likita muke ce masa. Duk Asabar sai Baba ya yi masa aski da almakashi, ya ja baya yana ƙare masa kallo, mu kuwa kawunanmu sun yi buzu-buzu ba wanda ya kula.

Wasan girki muke yi kullum ni da Hajara, 'yar maƙwabcinmu Malam Sule mai ɗinki, a wata kafa da ke jikin zanar da ta raba gidajenmu. Ƙasa ce tuwo, ganye ne miya, Duna ne maigida. Ran Lahadin nan da muka dawo daga coci Hajara tana makarantar allo, sai na ce yau maigida zai ci na gaske. Na saci 'ya'yan shingen cike da gwangwani, na niƙa a kan dutse, na cuɗa da sauran tuwo da kan busasshen kifi. Ya lashe tas, har yana bi na da wutsiya.

Inna ce ta ga rawaya-rawaya a cikin aman, ta ce anya ba fulawar nan ba ce. Baba ya yi tsaki. A garinmu idan ana son sanin ko ɗan itace yana da dafi, tsuntsaye ake kallo. In sun ci sun tashi lafiya, magana ta ƙare. Da wannan aka rene shi, bai taɓa ba shi kunya ba. Ya juyo wurina ya ce, "Saratu, ke kike share wurin nan kullum. Kin taɓa tsintar mataccen tsuntsu a gindinsa?" Na ce a'a. Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba.

Tun da fulawa ta fita daga zargi, sai aka shiga neman mutumin da ya ba shi guba. Sau biyu Malam Sule ya taɓa kawo ƙarar Duna a kan yana lasar masa butar alwala, shi ke nan Baba ya samu inda zai rataya baƙin cikinsa. Da yamma Malam ya shigo yi mana jaje, Baba ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Ka huta, Malam, butarka ta tsira." Malam Sule ya juya ya fita. Washegari aka toshe kafar zana. Aka daina aiko mana naman layya, muka daina kai musu shinkafar Kirsimeti, in wutarmu ta mutu sai in wuce gida uku in ɗebo garwashi. Ni aka mayar gadin gona, ina yini ina bugun garwa har hannuna ya sage, biran ma ba su ɗauke ni a bakin komai ba.

Kullum sai in ce gobe zan faɗa, kullum kuma maganar tana ƙara nauyi. Bayan shekara uku Malam Sule ya kwashe iyalinsa ya koma Beri. Sai da na yi aure, wani malamin dabbobi ya tabbatar mini cewa tsuntsu yakan ci 'ya'yan shingen nan lafiya su kuma kashe kare, sannan na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai. Ya shiga mota zuwa Beri da goro a aljihu, ya tarar an binne Malam tun bara. Da ya dawo bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da kin faɗa a ranar, duka ɗaya zan yi miki, ya wuce."

Yanzu shingen nan ya cika gari, ƙofar makarantu da gidajen mai duk shi ne, jikokina kuma in suna son sanin ko abu mai dafi ne sai su latsa waya, kafin ka ƙifta ido sun sani. Ina jin daɗin hakan, amma ba rashin sani ne ya raba gidajen nan biyu ba. Na gaji da lissafa mutanen da shiruna ya cutar. Duka ɗaya na gudu, ga shi har na tsufa ban gama karɓarsa ba.