Bangon Malam Iro

Wata Laraba ce cikin daminar shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula. Muna 'yar carafke a gaban gidanmu da ke Ƙofar Kwaya, hadari ya haɗo daga gabas, sai ga akori-kura ta tsaya, samari suka diro riƙe da gorori. Ba su yi sallama ba. Babbansu ya dafa bangon zaurenmu mai kallon titi, ya ce da mahaifina, "Malam Iro, kafin Juma'a muna son alamar jam'iyyarmu a nan." Mutanen ɗaya jam'iyyar sun riga sun zo da wannan magana, kuma a bayan unguwarmu an cinna wa wani zaure wuta saboda zanen da ke jikinsa.

Sana'ar mahaifina rubuta allunan shaguna da jikin motoci. Da alƙalamin kara ya fara a makarantar allo, shi ya sa ko boko ya rubuta sai ka ga wutsiyar harafi ta lanƙwasa kamar ta ajami. Ba ya taɓa fenti sai ya fitar da aikin da gawayi, sannan ya tura ni tsallaken titi, ya ce, "Uwata, mi kika gani?" In na yi jim, sai ya goge ya sake.

A makon nan ko daka ba a yi da ƙarfi a gidanmu ba. Inna ta ƙulle tufafinmu a zani ta ajiye bakin ƙofa, telan da ke maƙwabtaka da mu ya kwashe kekensa. Ranar Alhamis da hantsi Baba ya yi alwala, ya shafe bangon da farar ƙasa, ya hau tsani. Da koren fenti ya ja Bisimilla da manyan baƙaƙe, daga wannan kusurwa zuwa waccan, bai bar wurin da tafin hannu zai zauna ba. Daga tsallake na karanta masa.

Bayan an sauko daga Juma'a samarin suka dawo da gwangwanin fentinsu. Suka daɗe a tsaye. Wani ya ɗaga buroshi, babban ya riƙe masa hannu, ya dubi Baba ya ce, "Ka yi dabara, Malam. Ba za mu manta ba." Ba su ƙone zauren ba, amma babu jam'iyyar da ta sake ba shi aiki.

Wani tsoron ne ya maye gurbin wancan. Duk sanda ruwa ya sauko sai Baba ya jera tasoshi a gindin bango, kada ruwan da ya taɓa sunan Allah ya gangara kwata. Mu ne masu kai shi gindin darbejiya, har Allah Ya karɓi ran Baba.

Yanzu inji ke buga fuskokin 'yan takara, a manna wata kan wata, ruwa ya kwashe su zuwa lambatu ba mai waiwaye. An daɗe da rushe zauren nan. Amma har yau in hadari ya haɗo, idona tasa yake nema.