Hanyar da Yaya Sale Ya Roƙa Mana

Da faɗuwar daminar bana yayana Sale kafinta ya cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, kuma ban taɓa jin an ambaci sunansa a rediyo ba. Ni ma da nake wannan rubutu iyakata firamare, sai ɗan abin da na tsinta daga baya. Amma akwai wata safiya a rayuwarsa da nake so mutane su sani, domin waɗanda suka gani da idonsu suna ta ƙarewa, kuma maganar da ya tsaya a kai ranar nan har yau ba ta gama zama ba.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Bagwai. Yaya yana da rumfar aiki a cikin gari, ni kuma ina tsaron injin niƙa a bakin kasuwa. Kullum da safe mu hau kekunanmu mu tafi, kafin magariba mu dawo. Baƙo zai ɗauka hanya ɗaya ce, amma mu hanyoyi uku muka sani. Akwai titi, shi kuwa zagaye ne, ga manyan motoci da ba sa ganin mai keke. Akwai burtali, wanda da rani rairayi ke riƙe taya har ka sauka, da damina kofaton shanu ya mayar da shi kwaɓaɓɓiyar laka, ga tsidau da ke sa mutum faci kullum. Ta ukun wata 'yar siririyar hanya ce mai taurin ƙasa da ta ratsa tsakanin gonaki. Tana wucewa ta gindin wata ɗorawa, ta shiga gonar Baba Nomau, ta bi ta gefen gidajensu, ta ɓulle daidai bayan asibiti. Mutanen Gidan Nomau Maguzawa ne da suka karɓi addinin Kirista tun muna yara. Suna da ɗan cocinsu na ƙasa mai rufin kwano, ba shi da nisa da bakin hanyar.

Yaya ya san hanyoyin nan kamar tsakar gidansa. Da safe zai fito ya dubi sama, ya taka ƙasa da diddige, ya ce yau ta nan za mu bi. Bayan kaka yakan yanke ta cikin gonaki, yana kauce wa tushiyar kara don kada ta huda masa taya. In ya cim ma mace da kaya a ka, ba ya buga mata ƙararrawa, sai ya yi gyaran murya tun daga nesa ya rage gudu. Amma yawancin kwanakin shekara ta Gidan Nomau muke bi, ita ce kuma matan ƙauyenmu ke bi zuwa awo, ita ake bi da marar lafiya a bayan keke.

Sai shekarun tsoro suka zo, lokacin da ake ta jin tashin bam a birni. Aka kafa shingaye a titi. Mai babur da mai keke sai ya sauka tun daga nesa ya tura, ya ɗaga riga, a zazzage masa kaya. Buhun Yaya kuwa zarto ne da guduma da ƙusoshi, abin da ba wanda ke son gani a lokacin. Ya taɓa yini a bakin shinge cikin rana har azahar kafin a sallame shi. Saboda haka kowa ya gudu daga titi ya dawo kan 'yar hanyar nan. Babura suka cika ta, har na mutanen da ba mu sani ba, fuska a naɗe, gudu kamar ana korarsu. Su kuma mutanen Gidan Nomau suna jin abin da ake yi wa coci a wasu garuruwa. Wata Lahadi wasu baƙi biyu a kan babur suka tsaya daura da cocinsu ana tsakiyar waƙa, suka duba, ba su gaida kowa ba, suka juya. Har yau ba wanda ya san ko su wane ne. Mai yiwuwa ɓatan hanya suka yi.

A cikin makon nan muka iso gindin ɗorawa da safe muka tarar babu hanya. An sa garmar shanu an huɗe ta, kunyoyi sababbi sun haɗe da sauran gonar, an jibge ƙaya a bakin shiga. Yaya ya jingine kekensa, ya tsuguna, ya tura yatsa cikin kunya ya fito da ƙwayar gyaɗa. Ya juya ta a tafin hannunsa. Ta fara kumbura, amma ba ta fasa ba.

Ga wanda bai tashi a ƙasar noma ba, bari in faɗi abin da wannan ke nufi. A wajenmu in aka huɗe wuri aka shuka, muddin shuka ta tsiro, ya zama gona. Ba mai taka ta sai mai neman faɗa, ko dagaci ba zai ce a tuge tsiro ba. In kuwa aka ci amfaninta damina ɗaya, an gama, ba wanda zai sake kiran wurin hanya. Don haka ba mu da lokacin kai ƙara ko jiran manya su sa rana. In za a yi magana, sai kafin gyaɗar nan ta huda ƙasa.

Kafin a jima mutane sun taru a bayanmu, masu zuwa kasuwa, 'yan acaɓa, da wata mata mai tsohon ciki da mijinta ya ɗauko. Habu, ɗan baffanmu, ɗan acaɓa ne mai zafin kai, ya ce hanyar nan tun kakanni ake bi, a janye ƙaya kawai a hau. Na ga wasu samari biyu sun juya gida a guje, kuma na san ba ruwan sha suka je ɗaukowa ba. A ɗaya ɓangaren, can bakin gero, samarin Gidan Nomau suna tsaye da fartanya da gatari, ba kuwa noma suke yi ba. Abin da ake ji kawai babur ɗin Habu da bai kashe ba.

Yaya ya dafa kan babur ɗin ya ce, "Habu, don girman Allah ka kashe shi. Ka bari in je in dawo."

Habu ya ce, "Yaya, roƙo za ka je yi a kan hanyar kakanka?"

Ya ce, "Roƙon zan je yi."

Ya kwance buhun kayan aikinsa ya zazzage a ƙasa, a fili, yadda na can za su gani. Ya cire takalmansa. Sannan ya saɓa keken a kafaɗa, ya tsallake ƙayar, ya ce in biyo shi hannu biyu a sake. Ya gargaɗe ni kada ƙafata ta taɓa kan kunya, in bi ta kwari. Haka muka tafi a hankali, shi a gaba da keke a wuya, ni a baya. Bitrus, babban ɗan Baba Nomau, ya tako ya tare mu da gatari a hannu. Yaya ya gaishe shi da sunansa, ya tambayi jikin mahaifiyarsa, ya ce wajen Baba ya zo. Bitrus ya daɗe yana kallon ƙafafunmu da sawun da muka bari a baya, sannan ya matsa gefe.

Mun tarar da tsohon zaune a ƙofar gida a kan kifaffen turmi. Yaya ya kwantar da keken a gabansa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya, gajiya da ruwa da iyali, kamar babu abin da ke faruwa. Tsohon ya amsa a taƙaice, sannan ya ce, "Sale, ƙofar nan da ka yi mini har yau kuka take yi."

Yaya ya ce, "Baba, ai mai gadi na haɗa maka da ita. Kowa ya taɓa ta sai ka ji."

Ba wanda ya yi dariya, amma na ga tsohon ya ajiye sandarsa a ƙasa. Ya ce gonar tasa ce, ubansa ne ya bar wurin don masu ƙafa da masu jaki, saboda maƙwabtaka. Ya ce yanzu bai san masu wucewa ba, jikokinsa ba sa barci, mata sun daina zuwa coci da yara. Ya ɗago ya dubi Yaya ya ce, "In aka zo aka ƙone mu ranar Lahadi, wa zan kama? Hanya zan kama?"

Yaya ya ce, "Ni za ka kama. Ka san gidana, ka san 'ya'yana."

Daga nan ya faɗi abin da yake roƙo. Kunya ɗaya tak, faɗin da taya za ta bi. Babur ba zai sake shiga ba. Duk mai keke zai sauka tun daga ɗorawa ya tura, fuska a buɗe, ya yi sallama. Safiyar Lahadi ba mai bi sai sun fito daga coci. Ya nuna keken da ke kwance ya ce shi ya sa ya ɗauko shi, don Baba ya ga iyakar abin da yake nema wa wuri.

Ana cikin haka na fara jin hayaniya daga wajen ɗorawa, alamar samarin da suka koma gida sun dawo. Sai tsohon ya ce wa Bitrus ya kawo fartanya. Da kansa ya tashi ya nuna kunyar da za a baje. Ni da Yaya muka bi ta a tsugune muna tone irin gyaɗar ɗaya bayan ɗaya muna zubawa a hular Yaya, muka miƙa wa mai gona abinsa. Matar nan mai ciki ita ta fara wucewa, mijinta yana tura keke a bayanta.

Mutane suna ɗauka a nan maganar ta ƙare. Gaskiya a nan wahalar Yaya ta fara, kuma daga namu ta zo. 'Yan acaɓa suka ce ya sayar da su, ya mayar da su titi wajen shinge, kuma ba ƙarya suka yi ba, sun sha wuya. Aka sa masa suna mai gadin coci. Wasu suka ɗauke aikinsu daga rumfarsa, wasu ya yi musu sallama su kau da kai. Duk Lahadi yakan tafi gindin ɗorawa ya zauna yana mayar da masu son wucewa, da haƙuri da ban baki. Ko abinci yake ci, ya ji ƙarar babur ta nufi wajen, sai ya tsame hannu ya fita. Da Habu ya taɓa ratsawa da babur don ya gwada shi, Yaya bai jira an kawo ƙara ba. Ya je ya faɗa wa Baffa, sannan ya wuce Gidan Nomau ya kai kansa. Matar Yaya ta ce mini a shekarun nan bai taɓa yin barcin kirki ba.

Hawan jini ne ya kayar da shi a rumfarsa, bayan abubuwa sun fara lafawa. Ba na cewa hanyar ce ta kashe shi, kwana ne ya ƙare. Abin da na gani shi ne Habu yana cikin masu haƙa kabari, kuma mutanen Gidan Nomau sun zo gaisuwa maza da mata, sun zauna da mu har aka share makoki.

Yau babu shinge a titi, amma tsadar mai ta dawo da keke. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, har 'yan mata masu zuwa sakandare, duk ta nan suke bi. Ina jin da Yaya zai ga yaran nan a jere da safe da farin hijabi, da ya ji daɗi. Da kuma ya ɓata rai da masu wucewa waya a kunne ba sallama. Wasu suna sauka a ɗorawa don sun ga ana sauka, ba su san dalili ba, wasu kuwa sun daina. Ga shi ana sake jin labarin ɓarayin daji suna matsowa, mutane sun koma kasa kunne ga ƙarar babur. Ban san me Yaya zai ce ba. Na dai san ba zai zauna a gida ba.

Baba Nomau ya rasu, gonar tana hannun Bitrus. Gari ya matso, dillalan fili sun fara zagaya ta, ƙannensa kuma suna son a raba gado. Kafin ruwan bana na je na same shi. Furfura ta kama shi kamar yadda ta kama ni. Ya ba ni ruwa, ya ce ba zai ɓoye mini ba, maganar tana da nauyi a kansa, kuma babu takarda ko shaida da ta ɗaure shi, alkawari ne tsakanin mutum biyu da duk ba sa raye. Ya ce, "Bana na bar ta. Baɗi ban sani ba."

Ban ga laifinsa ba. A hanyar dawowa na yi ta auna abin da Yaya ya bar mana. Rumfarsa wani ne a ciki, kayan aikinsa an raba. Hanyar ma da nake cewa ya bari, ba tamu ba ce, aro ce, kuma sai an koma an sake roƙa. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mun ga yadda ake zuwa, da yadda ake zama a ƙofar gidan mutum a yi masa magana. Allah ya gafarta wa Sale, ya sa aljanna ce makomarsa. Na gaya wa babban ɗansa, wanda yanzu shi ma magidanci ne, ya shirya. Da an kwashe amfanin gona, tare za mu je wajen Bitrus, kuma wannan karon shi zai yi magana.