Garmar da injin washi ya ƙone

Ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Idan na yi shiru a yi haƙuri, maigidana nake tunawa, Allah ya jiƙansa.

Maƙeri ne a Malumfashi, gadon ubansa. Manoman Ƙarfi da Kafur ba sa taɓa bakin garmarsa kafin su saya, sunan gidan ya ishe su.

Da aka ja wutar lantarki zuwa unguwarmu, ya tafi Funtua shagon wani Bayarabe haifaffen garin, ya ga injin washi. Ya ce mini gwaji uku ya yi masa. Ya ɗaga ya ji nauyi. Ya kasa kunne, babu gargada a kukansa. Ya kara tsohon gatari, tartsatsi ya tashi, baki ya yi fari fat.

Ranar da ya kunna shi a maƙera na leƙo ta zaure, na dafe ƙirji. Garmar da yake shafe hantsi yana gogawa da magagari, kafin in ƙulle ɗankwalina ya gama ta. Damina ta kusa, manoma suka yi ta kawo garemani da fartanyoyi, yana dannawa da ƙarfinsa.

Ni ke kwashe su in jera a zaure. Na ga bakinsu ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara. Na ce, "Malam, wannan launin fa?"

Ya yi dariya. "Ke da lalle, ƙarfe ma ya samu nasa."

Na yi shiru. Shirun nan nake wa kuka har yau.

Kwana uku da ruwan shuka wani dattijo daga Ƙarfi, wanda tun zamanin surukina yake zuwa, ya yi sallama. Ya ajiye garmarsa a ƙasa. Bakinta ya naɗe kamar marfin gwangwani.

Ya ce, "Ɗana, garma na ba ka. Wannan ko tuwo ba za ta yanka ba."

Maigida ya sa babban yatsa ya danna bakin, ya lanƙwashe. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Kafin la'asar zauren ya cika da irinta, gonaki suna can suna jira.

Ya ɗauki injin ya koma Funtua. Mai shagon ya kunna, ya wasa wuƙa a hankali, yana yi yana tsoma ta a ruwa. Ya ce, "Baba, injinka lafiya lau. Zafi ne ya cinye taurin ƙarfen. Ai na ɗauka maƙeri ya fi ni sani."

Da ya dawo bai ci abinci ba. Ya ce, "Shekara arba'in ina kallon wuta, na ƙone ƙarfe babu gawayi."

Ya koma kan zugazugi ya sake gyara garemanin ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ko da injin ya wasa, sai ya kai garma bayan gida ya sari tsandauri kafin ya miƙa wa mai ita. Wasu manoman sun dawo. Dattijon nan kuwa garin Dayi ya koma kai aikinsa, bai ko aiko a karɓi tasa ba.

Maigida ya gyara ta, ya rataye a zaure yana jira, har ya rasu. Tana ƙarƙashin gadona. Bakinta har yanzu yana yanka.