Majajjawa a Ajin Tarihin Sassaƙa

A ƙarshen shekarun 1950 na bar Mabai na tafi Zariya karatun zane-zane, ina ganin ai alƙalami da fenti kawai za a miƙo mini. Ashe akwai darasin tarihi, kuma a zango na biyu muka faɗa cikin sassaƙen Turawa na ƙarni na goma sha bakwai, wanda ake kira Barok. Malaminmu wani Bature ne dogo mai yawan tari. Sai ya rufe tagogi, ya kunna majigi, mutanen farin dutse su bayyana a bango, rigunansu kamar iska na kaɗa su.

Ni dai ina gani, ina jin daɗi, amma bakina ya mutu. Turancina na karatu ne, da na miƙe sai ya gudu ya bar ni. Malam ya kira ni ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayanin mutum-mutumi ɗaya, in na sake yin shiru irin na zangon farko, za a sallame ni. Na ji tsoro ƙwarai, don duk Mabai an san ɗan gidanmu yana Zariya.

Ranar da aka zo kaina, hoton da ya fito na mutum-mutumin wani saurayi ne, ya murɗe ƙugu, ya ciji leɓe, ya ja igiya tsakanin hannuwansa. Malam ya ce in faɗi abin da ya bambanta shi da sassaƙen da suka gabace shi. Kalmomin da na haddace duk suka watse. Ina tsaye, sai idona ya sauka kan igiyar nan. Majajjawa ce! Ni da na yi ƙuruciyata ina korar tsuntsaye da ita a gonar geronmu, har Baba yakan ce, "Kai, mi za ka bar ma shaho ya ci?"

Na kwance igiyar labule, na ninka ta, na ɗebo curin yumɓu a bokitin ɗalibai masu gini da laka da ke kusurwar ajin. Na tsaya yadda saurayin ya tsaya, na murɗe, na ciji leɓe, na fuskanci aji. Ban ko fara juya hannu ba 'yan layin gaba suka kwanta kan tebura. Wani ya shige ƙarƙashin benci. Malam da kansa ya rungume majiginsa ya sunkuya.

A nan Turancin ya dawo, gurgu-gurgu amma ya dawo. Na ce a da, mutum-mutumi yakan tsaya ne a kalle shi. Wannan kuwa bai ƙare a jikin dutsen ba, ya kai har inda jifar za ta sauka, duk wanda ya tsaya gabansa ya shiga cikin faɗan. Na ce masassaƙin bai zaɓi kafin jifa ko bayanta ba, ya zaɓi lokacin da mutum ke riƙe numfashi, kuma yanzun nan kowa a ɗakin ya riƙe nasa.

Aji ya ɗauki tafi da shewa. Daɗi ya cika ni. Malam ya miƙe yana gyara tabarau, ya yi tarinsa, ya ce in ajiye yumɓun a hankali. Sannan ya ce in shirya, baɗi ni zan tsorata sababbin ɗalibai.