Ranar da Na Kai Kakana Kallon Tafkin Chadi

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a a nan Madina, sashenmu na nazarin muhalli ya shirya makon finafinai a kan koguna da tekuna. Abin dariya ne in ka duba, domin yawancinmu ba mu taɓa ganin kogi na gaske ba. Mu iyakarmu in an yi ruwan sama mai ƙarfi kwarin Wadil Aƙiƙ ya kawo ruwa na kwana biyu, sai ka ga an jera motoci a bakin gada ana ɗaukar hoto. Ni dai ba kishin teku ne ya kai ni kwamitin shirye-shirye ba, ji na yi an ce za a ba da takardar shaida. Aikin da aka ɗora mini shi ne in kalli kowane fim daga farko har ƙarshe, in tabbatar fassarar Larabcin da ke ƙasa tana fita daidai. Na kuwa yi shi irin na cikakken malalaci: in kunna, in kalli minti uku, in ga rubutu yana fita, in kashe in ce lafiya lau.

A gidanmu da ke unguwar Jurf muke zaune da kakana, mahaifin mahaifiyata. Jaddi muke ce masa, shi kuma ba ya kirana sai da "abokina". Masunci ne ɗan masunci, daga wani ƙauye a bakin Tafkin Chadi. Yana saurayi ya taso da niyyar ya sauke farali ya koma, ya bar wa ƙanensa kwale-kwalensu da komarsu, ya ce masa shekara biyu kawai. Hanya kaɗai ta cinye masa fiye da haka. Da ya iso ya sami aiki a gonar dabino, ya yi aure, aka haifi mahaifiyata. Shekara biyun nan ta wuce hamsin bai koma ba.

Tun muna yara hirar Jaddi ɗaya ce, tafki. Yadda za ka yi ta tuƙi tun hantsi har azahar ba ka hango ɗaya gaɓar ba, da giwan ruwan da sai mutum biyu suke iya ɗagawa, da ƙamshin banda da ke kama tufafi har sati. In mahaifiyata ta dafa kifin teku sai ya ɗanɗana ya ture, ya ce wannan gishiri ya riga ya kashe shi tun yana da rai. Kuma duk inda hirar ta zagaya, a wuri ɗaya take tsayawa: "Ƙanena ba ya cikin wahala. Na bar shi da ruwa, na bar shi da jirgi." Ba sai an tambaye shi ba yake faɗa. Ina yaro na ɗauka alfahari ne. Ban gane ba cewa maganar nan ita ce ta ba shi damar zama a Madina da kwanciyar hankali duk tsawon shekarun nan.

Labarin ƙanen nasa ya yanke tun kafin a haife ni. Amma duk lokacin da baƙi suka cika gari, Jaddi zai je Harami ya tsinto alhazan wajajen can, ya kawo su gida a cika musu faranti. Sai sun ci sun ƙoshi zai tambaye su, "Ruwa dai yana nan ko?" To wa zai ci abincin tsoho a Madina ya dubi idonsa ya ce masa a'a? Sai su ce yana nan, Baba, ya dai ɗan ja baya. Shi kuma ya yi dariya ya ce ai halinsa ke nan, duk rani sai ya ja, kuma sai ya dawo.

Cikin finafinan da aka ba ni akwai wani a kan Tafkin Chadi. Da na kunna sai ga tsohon hoto baƙi da fari, ruwa iya ganinka, maza a jiragen ruwa suna jan koma, har ina jin Hausa a bakinsu. Minti ukuna na cika na kashe, raina fes. Na ce yau ni ne zan mayar da Jaddi gida ba tare da jirgin sama ba. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba, don kada ta ɓata mini shiri. Ce mata na yi zan kai shi ya ga makarantarmu.

Ran kallon, bayan la'asar, ya sa farar jallabiyarsa da wata tsohuwar hula da ba ya sawa sai Juma'a. Na zaunar da shi a layin gaba ina ta hura hanci. Aka fara da fim ɗin leda a cikin teku da yadda kunkuru ke haɗiye ta, Jaddi ya yi gyangyaɗinsa. Da aka sako nasa kuwa sai ya miƙe zaune, ya dafa gwiwata. Ya shiga kiran sunayen kifaye ɗaya bayan ɗaya, ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, har yana gyara wa wani na cikin fim ɗin riƙon filafili, wai wannan ba ɗan ruwa ba ne. Ɗaliban da ke bayanmu suna ta murmushi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ana shiga minti na huɗu hoton ya koma mai launi. Sai ga rairayi da busasshiyar ƙasa ta tsattsage, ga kwale-kwale a kife rabinsa a binne, awaki suna kwance a inuwarsa. Wani dattijo yana tafe da sanda yana cewa nan da yake tsaye nan yake jefa koma yana saurayi, yanzu kuwa sai ya yini yana tafiya kafin ya taka ruwa. Aka nuno masunta sun koma noman wake a inda dā tsakiyar tafki ne. Aka nuno iyalai da kaya a kan jakuna suna bin ruwa duk inda ya gudu. Jaddi ba ya bukatar fassarar da ke ƙasa, da harshensa ake magana. Hannunsa yana nan a gwiwata, amma ya daina motsi.

Na san inda na'urar take, ni ɗan kwamiti ne, taku goma zan yi in kashe. Na kasa tashi. Na zauna na kalli fim ɗin da ya kamata in kalla tun sati biyu da suka wuce.

Da aka kunna fitilu, malaminmu ya ce ko akwai mai tambaya. Jaddi ya ɗaga sandarsa. Malamin ya matso da girmamawa ya miƙa masa abin magana. Da Larabcinsa wanda har ya bar duniya Hausa ba ta sake shi ba, ya tambaya tun yaushe abin ya faru. Malamin ya ce tun manyan farin da aka yi can baya, kafin a haifi kusan duk wanda ke ɗakin, kuma a wasu wurare ruwan ya ɗan komo, a wasu bai komo ba. Jaddi ya ce mutanen fa? Malamin ya ce wasu sun bi ruwa, wasu sun kama noma, wasu sun watsu cikin garuruwa.

Jaddi ya ce, "To in mutum ɗaya nake nema fa?"

Na kama hannun Jaddi muka fita.

A mota, da muka zo wajen masallacin Ƙiblatain, ya ce in tsaya a gefe. Motocin masu ziyara suna ta sauke mutane, shi kuma yana kallon gabansa. Can ya ce, "Abokina, ya taɓa aiko mini."

Na ce wa?

"Ƙanena. Uwarka tana 'yar makaranta lokacin. Wani alhaji ya zo ya ce, ƙanenka ya ce ka zo ka ga halin da suke ciki, ruwa ya tafi. Na ce ya koma ya gaya wa yaron nan ya kwantar da hankalinsa, ni na san tafki, zai dawo. Na ba shi darduma da dabino ya kai masa." Ya goge bakinsa da gefen mayafinsa. "Bai sake aikowa ba. Ni kuma na ce shirun nan alama ce ruwa ya dawo."

Da muka isa gida ya wuce ɗakinsa kai tsaye. Mahaifiyata ta dube shi ta dube ni, ta ja ni kicin. Da na gaya mata, sai ta ce, "Ya waladi, ɗana, kai ne mai jami'a ko? Shekara nawa ina canza tasha in an zo akhbar, labaran Chadi? Duk alhajin da ya shigo gidan nan sai na tare shi a ƙofa na roƙe shi. Khalas, shi ke nan, ka rushe komai a yini ɗaya." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ashe kowa a gidan ya sani, ni kaɗai ne mai karatun muhalli da ban san komai ba.

Sati guda Jaddi yana tsakurar abinci, ba hira, ba tsokana. Na tabbata na kashe tsohon nan da hannuna. Ran na takwas ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sanda ya ce in ɗauko mota, za mu tsakiyar gari.

Daga ranar tambayarsa ta canza. Mukan je bayan la'asar wajen otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami, inda alhazan Najeriya da Nijar da Chadi suke sauka. In ya ji Hausa sai ya yi sallama, ya faɗi sunan ƙauyensu da sunan ƙanensa da na mahaifinsu. Sannan ya ƙara da cewa kada a ji nauyinsa, a gaya masa yadda abin yake ko da babu daɗi. Wasu su ce ƙauyen ma ba su taɓa jin sunansa ba, wasu su ce ai ya daɗe da tashi. Haka muka yi ta yi har Hajji ya zo ya wuce, ni ina tura shi a keken guragu in ƙafa ta gaza. Sai a Umarar azumi muka dace da wani mai sayar da banda da ya san zuriyar, ya ba mu lambar 'yar ƙanen nasa.

Da hantsi muka kira, na buɗe muryar wayar na ajiye a kan cinyarsa, mahaifiyata tana tsaye a bakin ƙofa. Matar da ta ɗauka muryarta ta manyanta. Da ta gane wanda ke magana sai ta yi salati, ta kira shi Baba. Ta ce mahaifinta ya bi ruwa, ƙaura uku suka yi, har jirgin ya ruɓe a tudu. Daga baya ya kama noma, noman bai karɓe shi ba, ciwo ya kama shi a wani gari da babu ko rafi. Da na lissafa, ya rasu tun ni ina rarrafe.

Jaddi ya yi masa addu'a, sannan ya ce, "Ya yi maganata?"

Ta so ta kauce wa tambayar. Ya ce ta faɗa masa tsakaninta da Allah.

Ta ce, "Da farko duk shekara in alhazai sun dawo yakan je ya yi musu barka, ya tambaye su ko sun gan ka. Bai taɓa faɗin mummuna a kanka ba, Baba. Ya dai daina tambaya."

Mahaifiyata ta juya ta bar wurin. Jaddi ya ci gaba da magana da matar, ya tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ya sa na rubuta masa sunayensu a takarda da manyan baƙaƙe. Bayan wannan duk Juma'a sai ya kira ta. Ya yi shekara biyu a haka, sannan Allah Ya karɓi abinSa, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Har yau ban iya yanke wa kaina hukunci ba. Mahaifiyata ta yi shekara da shekaru tana tsare mahaifinta saboda ƙauna, ni kuma na tona masa saboda lalaci, kuma ba zan zo yanzu in sa wa lalacina rigar hikima ba. Na dai koyi cewa abin da muke haskawa a bango muna kira matsalar muhalli, a wurin wani gidansu ne da ɗan'uwansa. Na kuma koyi cewa mutum yana iya yin shekara hamsin yana tambaya ba don ya ji amsa ba. Ina tuna ranar nan da nauyi a ƙirjina, kuma ba na jin nauyin zai taɓa sauka gaba ɗaya.

Sau ɗaya tak na iya ba shi haƙuri, yana kwance cikin ciwonsa na ƙarshe. Na ce ya yafe mini, da na kalli fim ɗin nan har ƙarshe da ban kai shi ba. Ya buɗe ido ya dube ni. Sai ya ce, "Da ka bar ni, abokina, da na tafi raina fari. Amma da na je lahira na sami ƙanena ina yi masa murmushi, ina tambayarsa ya kifi. Yanzu na san abin da zan fara ce masa."